Rumfunan Goggo Masu Tafiya

Goggo ta rasu ranar Talata da hantsi, muka kai ta makwancinta bayan azahar. Wanda ya ba mu ita shi ya karɓi abarsa, kuma dukanmu can muka nufa. Wannan kowa ya faɗa mini, ni ma na faɗa wa kaina. Amma abin da ya sa na ɗauki alƙalami, ni tela da hannuna ya fi sabawa da almakashi, shi ne abin da na gani a ƙofar gidanmu washegarin rasuwar.

Ƙofar gidanmu babu ko bishiya ɗaya, zauren kuwa mutum goma sun cika shi. Ga bazara, irin ranar Mubi da take fara duka tun kafin mutum ya karya kumallo. Ina tsaye ina tunanin inda zan zuba masu ta'aziyya, sai na hango rumfa tana tahowa daga bakin hanya, mutum huɗu sun saɓo ta a kafaɗa. Bayanta wata, bayan wannan wata. Rumfunan masu saye da sayarwa ne na layinmu na Yelwa, inda shagona yake. Ban aika wa kowa ba. Kafin a shimfiɗa tabarmi an jera su daga ƙofarmu har bakin masallaci, jama'a suka sami inuwa.

Mai goro ne ya jagorance su, wani tsohon Babarbare da rumfarsa ta yi maƙwabtaka da ta Goggo tun ban san dama da hagu ba. Ya zauna yana haki, ya riƙe hannuna.

"Ya haƙuri, ɗana?"

"Haƙuri da godiya, Baba."

"Matan nan," in ji shi da irin Hausarsa, "kullum ta Allah sai ya yi faɗa da ni. Ya ce ina tofa jan yawu a gefen nononsa. Yanzu da wa zan yi faɗa?" Sai ya sa hannun riga ya rufe fuska.

Wata tsohuwa ta sauko daga Gella da ƙafa. Ita ce take kawo wa Goggo gwangwala da ciyawa daga kan dutse. Ba ta shiga wurin mata ba sai da ta bi rumfunan ɗaya bayan ɗaya tana taɓa igiyoyinsu. "Wannan shi ya ɗaura. Wannan ma shi. Wannan kam ba shi ba, hannun malalaci ne," in ji ta, Goggo take nufi, don a Hausarta mace ma shi ce. Mai rumfar yana zaune a ƙarƙashi, mutane suka ƙunshe dariya.

Da la'asar wani dattijo mai farin tabarau ya zo, ban gane shi ba sai da ya yi magana. Ma'aikacin hukuma ne mai awon hanya a da, yanzu ya yi ritaya. Bayan ya yi addu'a ya ɗaga kai ya dubi rumfar da yake zaune a ciki, ya ce, "A duk aikina babu wanda ya taɓa ba ni kunya irin tsohuwar nan. Kuma babu kunyar da na ji daɗinta irin wannan." Samarin da suke wurin suka dubi juna, ba su san abin da yake nufi ba. A nan na gane in ban rubuta ba, nan da 'yan shekaru babu mai sani.

Goggo yayar mahaifina ce, ita ta riƙe ni bayan rasuwar mahaifiyata. A ruga aka haife ta, tun zamanin Jamus, kuma a ruga mata ne suke gina ɗaki. Su suke kafa shi, su suke kwance shi su ɗora wa takarkari in za a tashi. Da ciwo ya cinye shanunsu suka shigo gari, ta fara sayar da fura da nono a bakin hanyar da ta tashi daga tasha zuwa kasuwar shanu. Kwana biyu ta yi a rana ta ce ba za ta iya ba. Ta yi wa kanta rumfa, irin wadda hannunta ya sani.

Ba ta haƙa rami. Takan je mayo, wato rafi, ta zaɓo fale-falen duwatsu huɗu ta ajiye a ƙasa, kowace dirka ta zauna a kan dutsenta don kada gara ta ci. Sai ta haɗa ƙafafun da gwangwala sama da ƙasa, ta gicciya wasu a baya, ta ɗora zana, ta danne gindin da manyan duwatsu saboda iska. Duk da igiyar rama, wadda take tufkawa da kanta a cinya tana jiran masu saye. Ƙullinta daban ne, yana da 'yar wutsiya. Iskar farkon damina za ta yi ta jijjiga shi bai motsa ba, amma ka kama wutsiyar nan ka ja sau ɗaya, sai ya warware.

Guduma kuwa ba ta son ko ganinta. "Ƙusa ba ya jin magana," haka take cewa da Hausarta ta Fulani. "In ka buga shi ya zauna ke nan. Igiya fa, ka ce riƙe ya riƙe, ka ce saki ya saki."

Mai goro ne ya fara roƙonta ta yi masa, sai mai shayi, sai mai tsire, sai mata masu ƙosai da masu gyaɗa. Ba ta ƙin kowa, amma sai ka sha faɗa. Za ta sa ka riƙe dirka tun safe, tana zagin kakanninka da Fulatanci, in ka yi motsi ta ɗana maka gwangwala a ƙwauri. In an gama ta zuba maka fura ta tsaya a kanka sai ka shanye. Haka bakin hanyar nan ya zama layi guda na rumfuna, kowace da ƙullinta mai wutsiya. A ƙarshen layin nake, ni da keken ɗinkina.

Akwai wani ɗan Kudu mai sayar da kayan keke a layin. Lokacin da ƙasa ta rikice ya kwashi iyalinsa ya tafi, ya bar rumfarsa. Masu sa ido suka fara zagayawa. Goggo ta je da rana tsaka ta kwance ta, ta ɗaure gwangwalar dami guda, ta jingine a bayan ɗakinta. Duk wanda ya ce ta ba shi sai ta ce, "Mai shi bai mutu ba tukuna." Bayan yaƙi mutumin ya dawo babu komai sai rigar jikinsa. Kafin azahar ta tayar masa da rumfarsa a gurbinta. Yana cikin waɗanda suka ɗauki makararta. Amma wannan daga baya ne, bari in koma inda na yi wautata.

Lokacin ƙuri'ar raba gardama, da aka tambaye mu ko Najeriya ko Kamaru, babu maganar da ake yi a layinmu sai ita. A ta farko mata ba su jefa ba. A ta biyu aka ce su fito, Goggo ta sha sabon zane ta bi layi, ta dawo tana taƙama. Mai goro ya yi juyin duniya ta faɗa masa akwatin da ta jefa, ta ƙi. Har ta koma ga Allah babu wanda ya sani.

Bayan ƙuri'a Mubi ta zama hedikwatar sabon lardi. Ma'aikata suka cika gari, kowa yana son wando da taguwa irin ta ofis, aiki ya yi mini yawa. Daga nan kaina ya kumbura. Na fara jin kunyar akawu ya sunkuya ya shigo rumfar zana in auna shi. Na kira magini, na ce a buga tubali, shago zan gina a wurin rumfata, mai ƙofa da taga da rufin kwano.

Goggo ta zo ta tarar ana haƙa harsashi. Ta tsaya ta dafa ƙugu.

"Bingel, me kake yi?" Bingel yaro ke nan da Fulatanci. Ina da mata da 'ya'ya biyu a lokacin, amma ban taɓa wuce bingel a bakinta ba.

"Shago, Goggo."

"Wurin nan na babanka ne?"

"Ai kowa ya san nan nake."

"Ni na ga ƙasan nan a hannun Jamus, na gan shi a hannun Ingilishi. Jiya jiya aka tara mu ana tambaya na waye. Ƙasa da kansa bai gama sanin mai shi ba, kai kana haƙa rami a bakin hanya?"

Magini da leburorinsa suka yi dariya, ni kuwa raina ya ɓaci. Na ce, "Goggo, zamanin bukka ya wuce. Nan gari ne, ba ruga ba."

Ta dube ni, ta juya. Wallahi da ta mare ni da ya fi mini sauƙi. Matar da ta goye ni a bayanta daga rugar nan, ita na gorantawa a gaban leburori. Na san na yi laifi tun kafin in rufe baki, amma girman kai ya hana ni binta. Muna gida ɗaya, in na gaishe ta sai ta amsa wa bango.

Ranar da za a yi rufi na zo na tarar da kafinta tsaye da guduma yana zufa. Goggo tana zaune daram a kan kwanon da na sayo, ta miƙe ƙafa, tana tufkar igiya.

"Maigida, ka yi wa tsohuwarka magana," in ji kafinta. "Tun safe ta hana ni aiki."

Ba ni ta kalla ba, shi ta kalla. "Gaya wa mai shago, kwano ka buga shi a jikin katako, wannan ban hana ba. Amma katakon ba za a binne shi cikin laka ba. Ɗora shi za a yi a kan bango, ni in ɗaure. In ba haka ba, yau a nan zan yi sallar magariba."

Jama'a sun fara taruwa, mai goro yana ta washe jajayen haƙora. Wa zai ɗaga Goggo daga kan kwano? Na ce wa kafinta ya yi yadda ta ce, don dai a rabu lafiya. Ta sa aka soke bango a kusurwa huɗu aka zura guntayen itace, ta hau benci da shekarunta, ta ɗaure rufin da ƙulli huɗu. Ta sauko ta karkaɗe zane ta tafi. Na ɗauki tsumma na rufe ƙullin don kada akawuna su gani.

Ban cika shekara a shagon ba mai awon hanya ya zo, wannan dattijon mai tabarau, lokacin yana saurayi da gajeren wando. Suka kafa turaku masu jan fenti tun daga tasha har kasuwar shanu. Za a faɗaɗa hanya saboda manyan motoci. Layinmu gaba ɗaya ya faɗa cikin turakun. Ya tara mu ya yi magana ba tare da wulaƙanci ba, ya ce ranar Litinin zai zo da leburori, duk abin da ya tarar a tsaye zai rushe.

Ranar babu wanda ya yi ciniki. Masu ƙosai suna kuka, mai shayi yana cewa shi Garwa zai koma. In layin nan ya watse kowa ya kama gabansa, mun san babu mai sake samun masu sayensa, don mutum yakan zo shan shayi ne ya sayi goro, ya miƙa ɗinki, ya tafi da ƙosai. Ni kuwa na shiga shago na rufe ƙofa. Duk abin da na mallaka yana jikin bangon nan da kwanon nan.

Goggo ta rufe ƙwaryarta ta ɗauki sanda. Ta tafi Yelwa wurin jauro, wato mai unguwa, ta nuna masa wani fili da ke gefen hanyar da mutanen ƙauye suke bi su shigo gari. Jauro ya ce ba shi da ikon ba kowa wurin gini.

"Barkama, wa ya ce maka gini?" in ji ta. "Ba mu haƙa, ba mu dasa. Ajiyewa kawai za mu yi. Ran da ka ce mu tashi, kafin ka gama alwala mun tashi."

A wurinmu wanda ya haƙa ƙasa ko ya dasa itace shi ne mai cewa wuri nasa ne. Wanda ya ajiye kaya baƙo ne. Jauro ya yi dariya, ya ce su ajiye.

Ranar Litinin ana idar da sallar asuba ta fito da mu. Ta sa aka kawar da duwatsun danni, ta raba maza huɗu huɗu, mata suka ɗauki duwatsun gindi a ka. Da gari ya waye sosai rumfar mai goro ta tashi sama, ta kama hanya. Ta mai shayi ta bi ta, butarsa tana rataye tana lilo. Masu ƙosai suka shige ƙarƙashin tasu suna tafiya a inuwa da kaskonsu. Mutanen gari suka fito ƙofar gida suna kallo, wasu matan suka rangaɗa guɗa, direbobin tasha suka dinga danna ham. Goggo tana gaba da sanda tana daka tsawa: "A hankali! Na hagu ka ɗaga, kai ba ka ci tuwo ba ne?" Ta hana a sauya jeri. Wanda yake damanka a tsohon wuri shi ne damanka a sabo, don mai saye ya tarar da kowa inda ya saba ganinsa.

Ni duk wannan ta taga nake gani. Na zauna a gaban keke na haɗa kai da gwiwa, na ce sai dai a rushe da ni. Da hantsi na ji muryarta a bakin ƙofa, karo na farko da ta yi mini magana kai tsaye tun ranar harsashi.

"Bingel, tashi. Rufinka zai tafi, ko da kai ko babu kai."

Na ji an ja benci. Na ji ta yaye tsumman nan. Ta ja wutsiya ta farko, ta biyu, ta uku, ta huɗu. Mai goro ya ce, "Bismillahi!" Sai haske ya faɗo mini a ka. Na ɗaga ido na ga sararin sama, rufina kuma yana wucewa a kafaɗun maza takwas, ko lanƙwasa bai yi ba. Ban san lokacin da na tashi ba. Na ciro ƙofa da taga na ba wasu, na ɗora keke a ka, na bi bayan rufina har Yelwa, jama'a suna ta yi mini tsiya. A can na tarar ta riga ta haɗa dirkoki a ƙarshen layi, a kan duwatsu huɗu. Tun daren da aka kafa turaku, in ji matata, take tufkar igiyarsu.

Mai awo ya iso da leburorinsa da diga da shebur. Shi ya ba mu labarin da bakinsa ranar ta'aziyya. Ya ce ya tarar da hanya fetal, an ma share ta, babu abin da yake tsaye sai bango huɗu na wani tela marar jin magana. Ya dube ni ta saman tabarau, na sunkuyar da kai. Ya ce kafin leburori su yi gumi sun gama, sai ya bi sawun jama'a har Yelwa don ya gani da idonsa. Ya tarar mai shayi ya hura wuta, ana layin ƙosai, ni ina taka keke. Goggo ta miƙa masa fura ta ce, "Sha, ka sha rana a banza."

Ƙaurar nan ko yini ɗaya ba ta sa layinmu ya yi asara ba. Yau wurin ya zama 'yar kasuwa, wasu sun sami takarda sun yi ginin bulo. Ni ma na samu, amma ban gina ba. Na kewaye da zana da katako, rufin nan dai shi ne, a ɗaure.

Ga abin da yake cina. Ban taɓa ce mata ta yafe mini maganar ruga ba. Mun shirya, mun ci gaba da raha, amma kalmar ba ta fito ba. Kuma ban taɓa cewa ta koya mini ƙullin ba. Kowace shekara kafin ruwan farko takan zo da sabuwar igiya ta hau benci ta sake ɗaure rufina, ni ina riƙe mata bencin ina kallon gefe, wai ni mai gida. Bana ma ta zo, sati uku kafin ta kwanta.

Saboda haka da na ga rumfunan layi sun taho ƙofarmu, na san saura ɗaya. Na tafi shago na tsaya ina kallon ƙulli huɗun nan. Su ne na ƙarshe da hannunta ya ɗaura a duniya. In na ja, sun tafi ke nan, kuma ban iya mayarwa ba. Na daɗe a tsaye. Sai na ji kamar tana cewa in tashi, mutanenta suna rana. Na kira maza, na hau benci, na ja wutsiyoyin da hannuna. A ƙarƙashin rufina limami ya zauna ya yi mata addu'ar uku da ta bakwai.

Da aka tashi daga zaman makoki rumfuna suka koma layi, kowace gurbinta. Aka ɗora rufina a kan dirkokinsa, aka miƙo mini igiya. Mai goro da tsohuwar Gella da matata suna tsaye a ƙasa. Na ɗaura na farko, tsohuwar ta girgiza dirka, ya zame. Na sake, wannan ya riƙe, amma da na ja wutsiya ya ƙi sakin, sai da na sa haƙori.

"Kana ɗaurewa kamar mai fushi," in ji tsohuwar. "Shi ba haka yake yi ba."

Na rufe ido. Shekara da shekaru ina riƙe benci ina cewa ba na kallo, ashe ina kallo. Zagaye biyu, a bi ta ƙasa, a ninka, a zura ninkin, a bar wutsiya. Na buɗe ido. Mai goro ya kama dirka ya jijjiga da duk ƙarfin da ya rage masa, ko gezau. Tsohuwar ta miƙa hannu ta kama wutsiyar da yatsu biyu ta ja sau ɗaya. Igiya ta warware ta zubo a tafin hannunta.

"Shi ne," ta ce.

A maƙabarta ban yi kuka ba. A kan bencin nan na yi shi, a tsakiyar layi, da furfurata, kowa yana gani. Na ce, "Goggo, ki yafe mini," da ƙarfi, ban damu da wanda ya ji ba. Allah ya jiƙanki, ya yafe miki, ya ba ki inuwar da ta fi duk wadda kika yi wa mutane.

Sannan na share fuska, na karɓi igiyar, na ɗaure kusurwa huɗun.